Yawon Kwalekwale a Gandun Daji: A Ba Masuntanmu Jagoranci

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata sana'a da ta daɗe da kafuwa a ƙasashe masu zafi da yalwar ruwa, wadda yanzu ta fara samun gindin zama a nan Legas, alhali mu 'yan Arewa, da muke da gadon ruwa tun kaka da kakanni, ba mu ko waiwaye ta ba. Sana'ar ita ce ɗaukar baƙi a ƙananan jirage marasa inji, ɗan jagora yana gaba, a shiga da su rafuka da fadamun gandun daji domin su kalli tsuntsaye da namun daji a mazauninsu. Ra'ayina shi ne Najeriya tana da ruwan da za a yi wannan harka a kansa, tana kuma da mutanen da suka fi kowa sanin ruwan, wato masunta da Sarkawa da 'ya'yansu, kuma idan za a kafa harkar to a kansu ya kamata a kafa ta, kada a wayi gari an mayar da su 'yan kallo a bakin kogin da aka haife su.

Duk wanda yake bi ta gefen ruwan Ikoyi ko Lekki a ƙarshen mako zai ga ƙananan jiragen roba masu launi da ake kira kayak, kowanne da mutum ɗaya ko biyu, suna tuƙi da filafili mai baki biyu, kowa sanye da rigar kariya. Masu hali suna biyan kuɗi domin su yi awa ɗaya ko biyu a kan ruwa, wasu kuma har Epe suke zuwa, inda ake shiga da su cikin itatuwan nan na bakin ruwa waɗanda saiwoyinsu suke tsaye a fili cikin laka. A nan Legas dai, a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, akwai samari daga Yawuri da Argungu da Nguru da Haɗeja waɗanda suka iya tuƙa kwalekwale tun kafin su iya rubuta sunansu, suna dako da gadi da tura ruwa a baro. Da yawansu acaɓa suke yi kafin gwamnatin jihar ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida daga ranar 1 ga Yuni, 2022, sannan ta ƙara wasu huɗu a watan Satumbar shekarar. Abin da yake damuna shi ne ilimin da ke kan waɗannan samari abu ne da ake sayarwa da tsada a duniya, su kuwa ba wanda ya taɓa gaya musu cewa yana da daraja, har su kansu sun ɗauke shi a matsayin alamar ƙauyanci da ya kamata a bari a gida.

Ya kamata in bayyana dalilin da ya sa masu kallon namun daji suke fifita jirgin hannu a kan mai inji, domin a nan ne darajar masunci take. Dabba ba ta rabuwa da ruwa, kuma lokacin da ta fi fitowa shi ne da sassafe kafin rana ta yi zafi da kuma da yamma lis. Ƙarar inji tana korar tsuntsu tun jirgin yana nesa, igiyar ruwan da yake tayarwa tana zaizaye gaɓa tana lalata sheƙar da ke cikin ciyawa, farfelarsa kuma tana yi wa ayu rauni idan ya taso shan iska. Jirgin hannu kuwa yana tafiya ba a jin motsinsa, yana bi ta inda ruwa bai kai gwiwa ba, yana kutsawa cikin ƙananan rassa da babban jirgi ba zai iya juyawa a cikinsu ba, ga shi mai zama a cikinsa yana ƙasa-ƙasa dab da ruwa, don haka zalɓe ko dinya ba su cika ɗaukarsa a matsayin abin tsoro ba. Amma jirgin shi kaɗai ba ya nuna wa baƙo komai. Baƙon da ya taso daga birni zai wuce kada yana shan hantsi ya ɗauka kututture ne, zai wuce guza a kan reshe bai gan shi ba. Abin da yake biya shi ne idon ɗan jagora da kunnensa, mutumin da zai ji kuka ya faɗi tsuntsun, ya ga kumfa a kan ruwa ya san abin da ke ƙasa, ya dubi gajimare ya ce a juya gida kafin iska ta taso. Wannan ilimi ba a koyon sa a wata uku, kuma masuncin da ya tsufa a fadama ya riga ya mallaki mafi yawansa.

Misalin da ya fi kama hankalina yana ƙasar Kosta Rika, a Amurka ta Tsakiya, ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 51,000 da 'yan kai ba, wato Jihar Neja ma ta fi ta girma. A gaɓarta ta tekun Karibiyan akwai gandun daji na ƙasa mai suna Tortuguero, wanda aka kafa a shekarun 1970. Babu hanyar mota zuwa ƙauyen da ke bakinsa, sai dai a shiga ta jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama, kuma gandun kansa rafuka ne da tafkuna da suka ratsa kurmi mai yawan ruwan sama. A da mutanen wurin da yankan katako da kamun kififiyar teku suke rayuwa, suna cin namanta da ƙwanta suna sayarwa. Wani masanin dabbobi ɗan Amurka, Archie Carr, ya fara nazarin kififiyar a can a shekarun 1950, kuma aikinsa yana cikin abubuwan da suka kai ga kare wurin. Yau jikokin mafarautan nan su ne 'yan jagora. Da asuba suna fita da baƙi a kayak da kwalekwale su nuna musu birai iri uku da ƙananan kadoji da tsuntsayen kurmi, daga watan Yuli zuwa Oktoba kuma, lokacin da kififiya ke fitowa yin ƙwai a yashi, suna kai su gaɓar teku da dare. Doka ta hana baƙo zuwa kallon nan na dare sai tare da ɗan jagora mai lasisi, an hana haska fitila da ɗaukar hoto, ana kuma kasa mutane ƙungiya-ƙungiya domin kada su yi wa dabbar rubdugu. Darasin da ke ciki a bayyane yake: ranar da kififiya mai rai ta fi matacciya kawo wa mutumin ƙauye kuɗi, shi da kansa ya zama mai gadinta.

A nahiyarmu ma akwai irin wannan. A fadamar Okavango ta ƙasar Botswana mutanen ƙauyuka ne suke tura baƙi da sanda a cikin kwalekwalensu na gargajiya, kuma yanzu yawancin jiragen ba na icce ba ne, an koma ƙera su da roba mai ƙarfi a kan siffar na da, domin a bar manyan itatuwa su rayu. A kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ana tafiyar kwanaki a kwalekwale ana wuce giwaye da ɓauna a bakin ruwa.

To mu me muke da shi? Muna da fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa a tsakanin jihohin Jigawa da Yobe da Bauci kafin su haɗu su zama kogin Yobe da ke gangarawa Tafkin Cadi. An ƙidaya tsuntsaye sama da iri 300 a wannan yanki, kuma a watannin hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsaye suna ketare Sahara daga Turai su sauka a nan, su tarar da na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, daga baya Baturiya ta Jihar Jigawa da Dagona ta ƙasar Bade suka shiga jerin. Ruwan wurin shimfiɗaɗɗe ne, mafi yawansa ba zurfi, ga bado da gabaruwa da goriba, wato irin ruwan da jirgin hannu ya fi dacewa da shi. A watan Disambar 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara gandun daji na ƙasa guda goma a kan bakwai da ake da su, kuma fadamar Haɗeja tana ciki, tare da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina da Pandam ta Filato, wadda ita ma tafki gare ta. Amincewa a takarda abu ɗaya ne, abin da mutumin Baturiya zai gani a ƙasa kuma wani abu ne daban, shi ya sa nake ganin yanzu ne lokacin da ya dace a yi maganar yadda za a tafiyar da wurin, tun kafin tsari ya ƙafe.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce da za a ɗora mana. A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa ya haura mita takwas, an sassaƙa shi daga icce guda, kuma binciken masana ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka, kuma a wannan kwari na kogin Yobe aka same shi. A Argungu kuwa, tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 bikin kamun kifi na Matan Fada ya zama abin da duniya ta sani, har hukumar UNESCO ta sa shi a jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2016, kuma a cikin bikin akwai wasannin kabanci, da tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da hannu. Mutanen da suke da Sarkin Ruwa a tsarin sarautarsu, waɗanda suka san lokacin da ake rufe wani gurbi a hana su har sai kifi ya girma, ba baƙi ba ne ga tunanin kare abin da ke cikin ruwa. Addininmu ma ya gaya mana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikai al'ummu ne kamarmu, ya kuma umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba halitta.

Na san abin da mai karatu zai fara tambaya shi ne tsaro, kuma tambayar tana kan hanya. Gandun Tafkin Kainji, wanda shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Najeriya, da kogin Oli da ke ratsa ɓangarensa na Borgu da dorinai da kadojinsa, da ya kasance wuri na ɗaya da za a fara wannan harka, amma shekarun nan 'yan bindiga sun samu mafaka a dajin, haka ma Kamuku ta Birnin Gwari. Duk wanda ya ce a kai baƙi waɗannan wurare a halin da ake ciki bai ɗauki ran mutane da daraja ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan a watan Agustan 2020, lokacin da aka kashe Faransawa shida da direbansu da ɗan jagoransu a yankin Kure, wurin da ake zuwa kallon raƙuman dawa, kuma a rana ɗaya abincin 'yan jagora da yawa ya yanke. Saboda haka ba ina kira a buɗe kowane daji ba ne. Ina kira a fara daga inda jama'a suke zaune lafiya suna noma suna su, a fara da tafiyar safiya ta 'yan awoyi a kusa da gari, da sanin hakimi da jami'an tsaro. Akwai kuma wata gaskiya da ake mantawa da ita, cewa dajin da mutanen kirki suka daina shiga shi ne wanda miyagu suke gajewa, kuma ɗan jagoran da yake fita kullum da asuba ido ne ga hukuma.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko taɓa zuciyata, domin ruwa ya ci mana mutane da yawa. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a yankin Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a Jihar Kebbi cikin watan Mayun 2021 ba, ko wanda ya kife a Bagwai ta Jihar Kano a ƙarshen Nuwambar 2021 da ɗaliban Islamiyya a ciki, ko na Patigi ta Jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda mutane sama da ɗari da suke dawowa daga biki suka rasu. Sanadin kusan ɗaya ne a kowane lokaci: lodi fiye da ƙima, tsohon jirgi, tafiyar dare, da rashin rigar kariya. A nan Legas, a tashoshin da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jiha take lura da su, fasinja ba ya shiga jirgi sai ya sa rigar, kuma mutanenmu da suke bin jirgin Ikorodu suna sawa ba gardama. Ke nan maganar cewa Bahaushe ba zai yarda da rigar ba ba ta da tushe, abin da ya rasa shi ne wanda zai ba shi ita ya kuma tsaya a kan sai ya sa. Harkar yawon kwalekwale ba ta tsayuwa sai da ƙa'idoji masu tsauri, domin baƙo ɗaya ya nutse ya isa ya kashe kasuwar shekaru. Dole a ƙayyade yawan jiragen da ɗan jagora ɗaya zai kula da su, a koya masa ceton wanda ya faɗa ruwa da taimakon gaggawa, a ba shi wayar da za ta kama a fadama, a rubuta sunan duk wanda ya fita da lokacin da zai dawo. Ina kyautata zaton idan aka ga riguna a jikin baƙi kullum a mashigar ƙauye, ba za a daɗe ba matan da suke ƙetarawa kasuwa za su fara tambayar ina tasu.

Akwai haɗarin dabbobin kansu, kuma a nan ma masunci ya fi mai takardar makaranta. Dorina tana iya yin kusan minti biyar a ƙarƙashin ruwa, tana kuma kifar da jirgi idan aka ritsa ta, musamman mai ɗa. 'Yan jagoran Zambezi suna bubbuga gefen jirgi domin ta ji ta ɗago a ga inda take, suna bin gefen da ba zurfi, ba sa shiga tsakaninta da zurfin da za ta gudu. Tsohon masuncin Yawuri ba ya buƙatar a karanta masa wannan. Manoman da ke gefen madatsar Dadin Kowa a Gombe da ta Kiri a Adamawa sun daɗe suna kuka da ɓarnar da dorinai ke yi musu a gona, kuma kukansu gaskiya ne, ba kuma za a share musu hawaye da wa'azin kare muhalli ba. Idan kuwa akwai masu biya su ga dorinar daga nesa, aka ware wani kaso na kuɗin domin biyan diyyar shinkafar da ta cinye, to an samu abin da za a zauna a tattauna a kai. Sai kuma cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu, wadda ya wajaba a gaya wa baƙo tun a bakin gaɓa cewa kada ya yi wanka ko iyo.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen rabon amfani. Abin da aka saba gani shi ne a ayyana wuri a matsayin gandun gwamnati, a hana masunci jefa koma, a hana makiyayi shayar da dabba, a hana mace yankan kaba, sannan a kawo kamfani daga birni da ma'aikatansa, ɗan ƙauye ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Wanda aka yi wa haka ba zai so gandun ba, kuma da dare zai koma ya ɗauki abin da aka hana shi da rana. Fadamar Haɗeja da Nguru ba kurmin da ba kowa ba ne, dubban ɗaruruwan mutane ne suke rayuwa a kanta da noman shinkafa da su da kiwo, don haka duk tsarin da bai sa su a gaba ba ya mutu tun ba a haife shi ba. Ƙasar Ruwanda ta fara ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin shigar gandayenta domin ayyukan ƙauyukan da ke kewaye a 2005, ta ɗaga shi zuwa kashi goma a 2017. Mu ma za mu iya rubuta irin wannan a doka, mu ƙara da cewa lasisin jagoranci a kan ruwa na 'yan yankin ne, kuma kada a gindaya sharaɗin digiri ko difiloma wajen ba da shi. A gwada mutum a kan ruwa, a gaban Sarkin Ruwa da jami'in gandun daji, a ga tuƙinsa da saninsa da natsuwarsa. Abin da ya rage masa, wato sunayen tsuntsaye a littafin masana da ɗan Turancin karɓar baƙo da yadda ake riƙe madubin hangen nesa, ana iya koya masa, ko a haɗa shi da ɗalibin jami'a da ya karanta ilimin dabbobi, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Wasu za su ce Turawa ba za su zo ba, kuma mai yiwuwa ne ba za su zo da yawa a nan kusa ba. Ni ban ma ga dalilin da zai sa mu jira su ba. Cibiyar kare muhalli ta Lekki, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 a kan fili mai hekta 78 kacal, tana cika da 'yan Najeriya a ranakun hutu, iyalai da 'yan makaranta, suna hawa gadar nan mai lilo ta saman itatuwa mai tsawon mita 401, suna kallon birai. Wannan ya nuna akwai kasuwa a cikin gida. 'Ya'yanmu da aka haifa a Legas sun san sunan gauraka da shamuwa da ayu a tatsuniya da karin magana kawai, da yawansu ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, kuma iyayensu suna kai su Arewa hutun ƙarshen shekara, daidai lokacin da fadamar take cike da tsuntsaye. Attajiranmu suna kai iyali Dubai da Masar. Makarantun Kano da Dutse da Damaturu suna fita da ɗalibai yawon ilimi. Abin da ake buƙata shi ne a tsara tafiyar yadda za ta dace da mu, a yi farashin ɗan ƙasa dabam da na baƙon waje, a tanadi wurin salla da makewayi mai tsabta a mashiga, a samu jirage masu faɗi da magidanci zai shiga da iyalinsa, a kuma horar da mata 'yan jagora, domin akwai matan da za su so fita a ƙungiyarsu su kaɗai, kuma a garuruwan bakin ruwa ba a rasa matan da suka iya tuƙi.

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa yawon buɗe ido ba ya ɓarna. Idan jirage suka yi yawa a gurbi ɗaya tsuntsu yana barin ƙwansa, idan aka saba ba biri abinci yana komawa ɓarawo har ya ciji yaro, leda da robar ruwa kuwa duk wanda ya ga abin da suka yi wa magudanan Legas ba zai so a kai su Baturiya ba. Dole a samu wuraren da ba a shiga sam a lokacin ƙyanƙyasa, dole kuma abin da aka shiga da shi a fito da shi. Babbar barazanar ma ba daga baƙi take ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da take cika fadamar duk shekara ta ragu, yanayin gudun ruwan ya sauya, ciyawar kacalla ta samu dama ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Idan ba a daidaita yadda ake sakin ruwa daga madatsun nan ba, ba a kuma ci gaba da share mashigai ba, to babu tsuntsun da za a kalla, babu ma hanyar da jirgin zai bi. Amfanin harkar da nake magana a kanta a nan shi ne za ta ƙara yawan masu bakin magana a kan lafiyar fadamar, domin kukan masunci shi kaɗai ya daɗe ba ya isa Abuja.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa da gwamnatocin Jigawa da Yobe da su zauna da masarautun Haɗeja da Bade da Nguru da sarakunan ruwansu, su zaɓi mashiga ɗaya ko biyu a yi gwaji a hunturu mai zuwa, da jirage kaɗan da 'yan jagora kaɗan da aka horar sosai, a kuma bayyana wa jama'a tun farko kason da zai koma ƙauye. Ina kira ga 'yan kasuwarmu na Legas, waɗanda Allah ya buɗa wa a harkar shanu da gwari da canji da sufuri, su dubi wannan a matsayin wurin zuba jari, domin jarin jiragen hannu da rigunan kariya bai kai na tirela ɗaya ba. Shugabannin al'ummar Hausawa na unguwanninmu kuma za su iya tattara sunayen samarin da suka fito daga garuruwan ruwa, a nema musu gurbin koyon aiki a wurin masu harkar kayak na Ikoyi da Lekki da Epe, su ga yadda ake karɓar baƙo da yadda ake kiyaye lafiyarsa, su koma gida da sana'a.

Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilinka da mai ɗaukar hoto zuwa Baturiya ko Dagona tsakanin Disamba da Janairu, su kwana a can su fita da asuba tare da masunci, su tambaye shi sunan duk abin da suka gani da abin da yake samu a rana, su kuma tambayi jami'an gandun inda aka kwana game da amincewar 2020, sannan ku buga mana abin da suka samo.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Agege, Legas.